INA RUWAN ƊAN BATSARI DA TEKU?

Duk wanda ya miƙe a gaban jama'a ya ce yana so a koya wa samari da 'yan matan Batsari da Safana tarihin teku da jiragen ruwa, to, ya shirya shan dariya. Za a tuna masa cewa daga Batsari zuwa bakin teku a Legas tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, kuma kogunan wannan yanki da rani rairayi ne zalla. Za a kuma gaya masa cewa mutanen da suka yi shekara da shekaru suna barci da ido ɗaya saboda 'yan bindiga ba gidan tarihi ne ya dame su ba. Mun ji waɗannan maganganu, mun kuma auna su. Duk da haka, ra'ayinmu shi ne babu ƙofar da ta fi dacewa a bi da yaran wannan yanki zuwa gidan tarihi kamar ƙofar teku. Idan kuwa gidan tarihin ya kasa jawo su, lalle ne shi ya ɗauki ƙafa ya iske su inda suke. Ga hujjojinmu.

ABIN DA KE BAKINMU DA HANNUNMU

Bari mu fara da kalmar da yaro yakan sani tun bai iya ɗaura wando ba, watau kuɗi. Asalin wannan kalma jam'in wuri ce. Wuri kuwa ɓawon wata 'yar halitta ce mai kama da dodon-koɗi, wadda ba ta rayuwa a gulbi ko tafki, sai a ruwan gishiri. Mafi kyawun wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi daga tsibiran Maldib aka tsamo shi, can cikin Tekun Indiya. Matafiyin nan Ibn Batuta ya zauna a tsibiran a wajen 1343, ya ga yadda ake tara shi, sa'an nan bayan kamar shekara 10 ya tarad da shi ana saye da sayarwa da shi a Mali da Gao. Daga baya jiragen ruwan Turawa suka riƙa ɗebo shi, su kewaya da shi ta Turai, su sauke a gaɓar Afirka ta Yamma, fatake kuma su hauro da shi ta ƙasar Yarbawa da Nufe har Katsina.

Tun cikin ƙarni na 18 wuri ya zama kuɗin ƙasar Hausa. Da shi aka biya sadakin kakanninmu mata, da shi aka biya kuɗin ƙasa, da shi aka sayi goro da gishiri. Wuri 100 shi ne zangu, 1,000 zambar, 20,000 kuwa keso. Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasashen nan da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya iske ana ba da wuri 2,500 a kan dalar azurfa guda. Tun daga wajen 1845 kuma 'yan kasuwar Hambug suka fara shigo da wani wuri mai araha daga Zanzibar, suka yi ta zuba shi har darajarsa ta zube, ya zama ɗaukarsa ya fi sayayyarsa wuya. Yaron da yake ganin yadda naira ke narkewa a hannun mahaifinsa ba zai sha wahalar gane wannan darasi ba. Har yau kuwa, in ana so a ƙarfafa yawan kuɗi, sai a ce naira miliyan kaza, wuri na gugar wuri. Ashe ke nan kullum muna ambaton teku ba mu sani ba.

Mu dubi gona kuma. Ƙasar Batsari ta yi suna da noman rogo. Shin yara nawa ne cikin masu tallansa suka san cewa asalin rogo daga Kudancin Amurka yake, kuma jiragen ruwan Fotugal ne suka tsallako da shi zuwa Afirka? Haka gyaɗa, da masara, da dankali, da barkono, da tumatir, da gwanda, da taba: dukkansu baƙi ne da suka ƙetaro Tekun Atlantika bayan ƙarni na 15, suka zama 'yan gida har muka manta da baƙuncinsu. Gyaɗar ma ba ta tsaya nan ba. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, gumin manoman Katsina da Kano ne aka riƙa jerawa dala-dala, a kai Legas, a loda a jirgin ruwa zuwa masana'antun Ingila. Wanda ke son ya fahimci yadda mulkin mallaka ya tatse talaka, ya bi sawun buhun gyaɗa guda daga gona zuwa bakin teku, zai ga wanda ya yi wahala da wanda ya kwashe riba.

Sai kalmar jirgi. Da Bahaushe ya ga abin da ke gudu a kan dogo, bai rasa sunan da zai ba shi ba, sai ya ce jirgin ƙasa. Da ya ga mai tashi, ya ce jirgin sama. Jirgi na asali dai shi ne na ruwa, sauran duk aron sunansa suka yi. Kuma arewacin ƙasar nan yana da abin tinƙaho a wannan fage. A 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8. Da masana suka auna shi, sai suka iske ya kai kimanin shekara 8,000, watau shi ne jirgin ruwa mafi daɗewa da aka taɓa tonowa a Afirka baki ɗaya. Wannan labari yana cikin littattafan masana a Jamus, amma ɗan sakandaren Runka ko Wagini da wuya a ce ya taɓa ganin ko hotonsa.

KATSINA A BAKIN GAƁA

Larabawa sun ɗauki Sahara tamkar teku, shi ya sa suka kira ƙasashen da ke gefenta na kudu Sahil, watau gaɓa, kalmar da a yau ake ce wa Sahel. In kuwa hamada teku ce, to, birnin Katsina a ƙarni na 17 da na 18 babbar matsayar jirage ce, raƙuman Azbinawa da na Larabawan Gadamas su ne jiragenta. Kayan da suka sauke kuwa da yawansu sai da suka fara tsallake Bahar Rum kafin su hau raƙumi a Tarabulus. Murjanin da ke wuyan amare, wanda har muka sa wa 'ya'yanmu sunan Murjanatu, daga ƙarƙashin wannan bahar ake ciro shi. Takardar da malamanmu suka rubuta littattafai a kanta, mai tambarin jinjirin wata uku in an ɗaga ta a haske, a Italiya aka yi ta. Barth ya ba da labarin ruwan takubba masu yawa da ake kawowa Kano daga garin Solingen na Jamus, maƙeranmu su yi musu ƙota, dukawa su yi musu kube. Ƙasar Ruma ƙasar mayaƙa ce, wadda ta haifi jarumai irin su Ɗanwaire, domin ita ce bakin daga tsakanin Katsina da Maraɗi a ƙarni na 19. Duk gidan da ya gaji tsohon takobi a Ruma ya kamata ya zare shi ya duba ko akwai tambari a jikin ruwansa.

Wannan hulɗa ba jiya ta fara ba. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani, an tona manyan kaburburan sarakunan dauri a 1907, aka sake tonawa a 1992. Cikin abubuwan da aka samu akwai wuri, da duwatsun ado na gilashi, da tasoshin ƙarfe waɗanda aikinsu ya nuna daga ƙasashen gabas suka fito, wasunsu kuwa sun haura shekara 600. Tun kafin wani Bature ya san hanyar ƙasar Hausa, kayan teku suna kwance a ƙarƙashin ƙasar Katsina.

MUTANENMU DA SUKA HAU RUWA

Kaya dai kaya ne, abin da ke kama zuciyar matashi shi ne labarin tsaransa. A watan Maris na 1853 ayarin Barth ya bar Katsina ya nufi Sakkwato. Ya bi ta Kuraye da Kurfi, ya ya da zango a Zakka, wadda a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Safana, kafin ya ratsa daji ya faɗa Zurmi. Cikin wannan ayari akwai wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, ɗan kamar shekara 13, haifaffen Dambanas kusa da Kance a Jamhuriyar Nijar ta yanzu. An kama shi bawa yana ƙarami, aka kai shi Barno, aka 'yanta shi a Kukawa. Wannan yaro ya je Tambutu, ya komo, ya ratsa Sahara zuwa Tarabulus a 1855, ya shiga jirgin ruwa zuwa Malta da Faransa, ya sauka Landan bai wuce shekara 16 ba. A Ingila ya zauna da James Frederick Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da Hausa tsantsa, kuma da taimakonsa Schön ya wallafa nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya komo gida a 1864, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Watau ɗaya daga cikin tubalan farko na rubutun bokon Hausa yaro ne matashi ya ɗora shi, yaron da ƙafarsa ta taka ƙasar Safana. Wane malami ne zai ba da wannan labari a aji a Zakka yara su yi gyangyaɗi?

Ba kowa ne ya hau ruwa da son ransa ba. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun jefa dubban Hausawa hannun masu fataucin bayi, aka gangara da su bakin teku, aka tsallaka da su Bahiya a ƙasar Birazil. Can ma ba su miƙa wuya ba. Hausawa ne suka shirya boren 1807, suna kan gaba a na 1809 da 1814, kuma suna cikin Musulmin da suka yi babban boren 1835 a birnin Salbado, da layu da rubutun Larabci a jikinsu. Waɗansu kuwa jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin da ya ɗauko su, aka sauke su a Firitawun ta Saliyo. A can ne Sigismund Koelle ya rubuta kalmomin Hausa daga bakin mutanen Kano da na Katsina, ya buga a 1854.

Akwai kuma waɗanda ibada ta kai su bakin ruwa. Alhazan ƙasa sun yi shekaru a kan hanya, ta Barno da Wadai da Darfur, suna noma suna ƙwadago, har su kai Sawakin su shiga jirgi su tsallake Bahar Maliya zuwa Jidda. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko kuwa a 1921 jirgin ruwa ya shiga a Legas, ya bi ta Ingila ya tafi aikin hajji. Sa'an nan ga sojan Yaƙin Duniya na Biyu, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda aka loda a jirage a 1943 da 1944 aka kai su Indiya, daga nan suka shiga dazuzzukan Bama. Hausa ce harshen bariki a bataliyoyin Nijeriya, kuma da yawan sojan 'ya'yan manoman Arewa ne waɗanda ba su taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba sai ranar. Yau shekara 80 ke nan da 'yan kai da ƙare yaƙin. Mazajen sun kusa ƙarewa, sauran lambobinsu da hotunansu da takardun sallamarsu suna cikin adakar jikoki, gara tana ci.

ME YA SA MUKA DAMU?

Yaron da aka haifa a ƙasar Batsari ko Safana a 2010 ya buɗe ido ne ya ga ana gudu. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar. A watan Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana a Ƙanƙara. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, aka kuma rufe kasuwannin dabbobi. A 2025 an yi zaman sulhu a waɗannan wurare, muna kuma roƙon Allah ya zaunar da ƙasa lafiya. Amma ko da an ajiye bindiga ta ƙarshe gobe, abin da aka rubuta a zuciyar wannan yaro yana nan. Duk sa'ad da ya ji sunan garinsu a rediyo, to, adadin gawa ne zai biyo baya. Dajin Rugu, wanda kakanninsa suka sani da kiwo da farauta da zuma, shi a wurinsa sunan tsoro ne. An bar masa riga biyu kawai ya zaɓa: ko ta wanda aka zalunta, ko ta mai zalunci.

Ana cikin haka kuma aka ɗauke masa darasin tarihi. Wajen 2009 aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a ƙasar nan, sai a 2022 gwamnati ta yi shelar mayar da shi. Fiye da shekara 10 ke nan ana yaye yara babu wanda ya gaya musu su wane ne su. Zuciyar yaro kuwa ba ta zama fayau. In ba mu zuba mata gaskiya ba, wani zai zuba mata nasa, ko a waya, ko a bakin kasuwa, ko a daji. Shi ya sa muke jin yara suna maganar Bahaushe da Bafulatani kamar waɗanda ba su taɓa haɗa jini ba, alhali kuwa kasuwa ɗaya suka ci, da wuri ɗaya, nono da hatsi suna musanya hannu tun kaka da kakanni.

Amfanin tarihin teku a nan shi ne yana fitar da yaro daga ƙuncin da aka kulle shi. Yana nuna masa cewa garinsu ba ƙarshen duniya ba ne, zango ne a kan hanyar da ta haɗa Tekun Indiya da Bahar Rum da Atlantika. Daɗin daɗawa, hanyar ba ta mutu ba. A 2021 an aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, maƙwabciyar Batsari. A 2024 an buɗe tashar tsandauri a Funtuwa domin kayan da ke shiga da fita ta teku. Ga kuma samarinmu da ke bin tsohuwar hanyar Agadas zuwa Libiya neman abin kai, waɗansu har su kai bakin Bahar Rum su sayar da ransu ga kwalekwalen roba. Teku tana da ruwa da ɗan Batsari ko ya sani ko bai sani ba. Gara ya sani.

MASU JA DA MU

Akwai masu cewa mai jin yunwa ba ya kallon kayan tarihi, a fara ba shi tsaro da abinci. Gaskiya ne tsaro da abinci su ne gaba, ba mu kuwa ce a ɗebi kuɗin asibiti a sayi akwatin gilashi ba. Amma in muka ce sai ƙura ta lafa sarai za mu fara, to, tsofaffin da ke riƙe da labarin za su riga mu tafiya. Kowane ƙauye da ya watse, akwai allo da kundi da takobi da tsohuwar tasa da suka ƙone ko aka sayar a kan kwanon masara. Ɗan shekara 15 na yau kuma ba zai tsaya yana jiranmu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai masu ƙyamar gidan tarihi domin sun ɗauka ɗakin gumaka ne. Waɗannan muna ba su haƙuri su duba abin da muka lissafa: takardar malamai, da guzurin alhazai, da takobin mayaƙa, da kuɗin fatake, da irin shuka. Katsinar da ta haifi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ta kuma tsare hasumiyar Gobarau ɗaruruwan shekaru, ba za a koya mata girmama abin da magabata suka bari ba.

Akwai kuma masu tsoron a tono zancen bauta, wai kada a ɓata sunan kakanni. Mu a ganinmu wannan shi ne darasin da ya fi kowane muhimmanci. Wuri da yawa da ya shigo Afirka ta Yamma kuɗin mutane ne. Turawa suka kawo jirage, amma hannun da ya kama Dorugu baƙi ne irin namu. Yaron da ɗan'uwansa ya kwana 40 a daji sai da aka sayar da gona aka biya fansa, in aka ɗora masa wuri a tafin hannu aka ce da irin wannan aka taɓa sayen ɗan Adam, ba ya bukatar dogon sharhi. Zai gane cewa mai da mutum haja tsohuwar cuta ce, cewa ta taɓa cinye ƙasar nan, kuma an taɓa kawar da ita. Tarihin da ba ya faɗin laifin gida kirari ne, kirari kuwa aikin maroƙa ne.

LAIFIN GIDAJEN TARIHINMU

Dole ne mu faɗi gaskiya game da gidajen tarihin kansu. Turawan mulki ne suka kafa na Jos a 1952 da na Legas a 1957, kuma an gina su ne domin jami'in gwamnati da baƙo mai yawon buɗe ido. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ta gaji wannan tsari: gini a babban birni, kaya a bayan gilashi, bayani galibi da Turanci, da gargaɗin kada a taɓa. Gidan tarihin Katsina yana cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗewa a 1922, inda su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu suna samari. Gini ne da aka yi domin matasa, saboda haka abin kunya ne a ce matasan ƙauye sun fi kowa nisa da shi. Mun yi murna da Jamus ta sallama wa Nijeriya mallakar kayan tagullar Binin fiye da 1,000 a 2022. Amma mene ne ribar karɓo kaya daga Turai in za a sake kulle su inda ɗan talaka ba zai gan su ba?

ABIN DA MUKE KIRA A YI

Na farko, a haɗa akwatin tarihi mai yawo. Ba ya bukatar miliyoyi. A zuba wuri cikin ƙoƙo, da murjani, da tsohuwar takarda mai tambarin wata, da kwabo mai huji, da taswirar duniya, da hoton kwalekwalen Dufuna, da labarin Dorugu cikin rubutun Hausa na yau. A kai shi makarantun Batsari da Ruma da Wagini da Safana da Runka da Zakka, mako guda a kowace. A bar yara su taɓa, su ƙirga zangu da hannunsu, su ɗaga keso su ji nauyinsa, su bi hanyar rogo da yatsa a kan taswira. Gani ya kori ji.

Na biyu, a mai da yaran su zama masu tattarawa. Kowane ɗalibi ya koma gida ya tambayi kakarsa nawa aka biya sadakin uwarta, wa ya je Makka a ƙasa a danginsu, wa ya je Bama, wa ya yi fataucin Gwanja. A ɗauki muryar da waya, a rubuta da boko ko da ajami. A fara da tsofaffin da rikici ya koro zuwa cikin Batsari da Dutsinma da Katsina, domin su ne labarinsu ya fi kusa da ɓacewa. Matashin da aka ba aiki aka yarda da shi ya fi wanda aka zaunar ana yi masa lacca.

Na uku, kada a tsaya kan 'yan makarantar boko maza. A shiga makarantun allo da na Islamiyya, a kai wa 'yan mata, a kai rugage. 'Yar Fulanin da ke da wuri a kitsonta tana da haƙƙin ta san inda ya fito, kuma bayanin ya kasance da Hausa da Fulatanci.

Na huɗu, ƙananan hukumomin biyu su ware ɗaki guda guda, ƙarƙashin kulawar iyayen ƙasa, Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana. Kayan da iyali suka kawo aro ne, a rubuta sunan gidan a jikinsu, a ba su rasiɗi, su karɓi abinsu ran da suka so. In mutane suka tabbata ba ƙwace za a yi ba, za mu sha mamakin abin da zai fito daga ƙarƙashin gado. Sa'an nan, duk lokacin da hanya ta yi kyau, a ɗauki ɗaliban da suka fi himma a kai su gidan tarihin Katsina da Gobarau da Durɓi ta Kusheyi, su je a matsayin masu bincike da tambayoyinsu a hannu.

Na biyar ya shafe mu kai tsaye, ya 'yan'uwa ɗalibai. Jami'ar Tarayya ta Dutsinma maƙwabciyar Safana ce, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa kuma tana bakin Katsina. Cikinmu akwai masu karatun tarihi da Hausa da labarin ƙasa da aikin malanta, da yawanmu kuma daga waɗannan garuruwa muka fito, da kuɗin rogo da gero aka biya mana makaranta. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman bai rubuta tarihin Katsina da ya wallafa a 1981 yana zaune a ofis ba, sai da ya bi gari gari yana tambayar tsofaffi. Ƙungiyar ɗalibai da ke iya tara kuɗin bikin makon al'adu, da kiɗa da rawa da naɗin sarautar wasa, ba za ta kasa haɗa akwati guda da kuɗin mota ba. Muna kira ga majalisar ƙungiya ta sa wannan magana cikin ajandar zamanta na gaba, ta naɗa kwamitin ɗalibai 'yan asalin yankin, ta nemi shawarar malaman sashen tarihi da ma'aikatan gidan tarihin Katsina, domin akwatin farko ya kama hanya a hutun ƙarshen shekara.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Zumar tana nan a gidajenmu, ƙannenmu kuma suna bukatar maganin. Allah ya ba mu ikon kai musu, ya kuma zaunar da ƙasar Ruma da ta Safana lafiya, amin.